Allah Ya Bar Mana Alhaji Mai Gidan Haya

Samun mai gida irin namu sai an tona. Mutum ne mai cika alƙawari: watan haya bai taɓa kamawa ba face dillalinsa ya yi sallama tun ba mu karya ba. Ɗaki tara, iyali tara, kuɗin shekara a dunƙule, bai taɓa mance ko ɗaya ba.

Ga girmama kayan gado. Rijiyar tsakar gida tana nan yadda mahaifinsa ya bar ta, bakinta daidai da ƙasa, murfinta ruɓaɓɓen langa-langa da aka danne da rabin bulo. Da damina gansakuka ta lulluɓe gefenta, santsi kamar an zubar da karkashi. A nan masu rarrafe ke wuni, a nan masu tatata ke bin ƙwallo, iyaye mata na girki ido ɗaya a tukunya ɗaya a bakin rijiya. Buhun siminti biyu, 'yan bulo, murfin ƙarfe da kwaɗo, magini ya gama a wuni guda. Amma Alhaji ba almubazzari ba ne. Kuma ai ma'aikatan Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano sun saba ciro yara daga rijiya, don me zai raba bayin Allah da aikinsu?

Wayar wutar da ke reto a zaure, wadda aka ɗaure da baƙar leda, ya sauko da ita daidai tsawon ɗan shekara huɗu, kada yara su ce an ware su. Matakalar bene kuwa ba makari, don su koyi jarumta.

Tawakkalinsa ma abin koyi ne. Duk sanda muka kai kuka sai ya ce Allah ne mai tsarewa, wanda bai gamsu ba ga ƙofa nan. A gidan da 'ya'yansa ke kwana ne kawai tawakkalin ya yi rauni: can burtsatse ne, tanki a sama, kowace waya a cikin bango.

Mun san ranar da abin zai faru shi zai riga kowa zama a tabarmar makoki, ya ce ƙaddara ce, Allah ya sa mai ceto ne.

Alhaji, ka ji tsoron Allah. Kana karɓar kuɗinmu, ran yaran nan yana wuyanka. Ka rufe rijiyar nan kafin ruwan bana ya sauka.