Nasabar Tsohon Babur

Hakika duk wanda ya zauna a rumfar bakanike a Batsari ko Safana, ya ga an jingine tsohuwar Honda roba-roba ana tuhumar asalinta, zai shaida cewa malaman hadisi ba su fi waɗannan bayin Allah tsananta binciken isnadi ba. Akan kankare tsatsa a karanta lambar inji, sannan a duba wuta: in kwantak ne, ta farko ce, in CDI ne, ta baya ce. A 1958 aka fara ƙera irinta, amma mai ita, alhali tankinta na Yamaha ne, kafireto na Jincheng, ya rantse bai taɓa sauya mata komai ba illa baƙin mai. Fatawar bakanike: lambar ce kaɗai sahihiya.