Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Ɗakin Hayar Ɗalibi na Samaru

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta maƙwabta, ina taya ka murnar wannan sarauta da ba wanda ya naɗa ka. Shekaranjiya kai zaure ne, ko turken awaki, ko ɗakin ajiyar masara. Yau an shafe ka da siminti, an maƙala maka banɗakin da sai mutum ya karkata yake shiga, an rubuta lamba a ƙofarka da jan fenti, dillalai suna yi maka kirari. Daga Hayin Dogo har Palladan, da wuya a sami layin da ba ka kafa tuta ba.

Asalinka ba ɓoyayye ba ne. Samaru ta san gonar binciken noma tun 1922, kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ɗakunan kwana irin su Amina da Sulaiman da Ribadu da Ɗanfodiyo an yi su ne daidai da ɗaliban wani zamani, yau kuwa ana ƙidaya ɗalibai da dubun dubata. Wanda bai sami gado ba, ko ya raɓa da aboki, ko ya tsallaka titin Sakkwato ya zo gare ka. Ke nan jami'a ta sauke wa gari rabin makwancinta, amma ruwan madatsar Kubanni da masu gadi da masu kwashe shara duk suna can bayan katanga. Gidan da aka gina don iyali ɗaya, da rijiya ɗaya da masai ɗaya, ya koma ɗakuna jere kamar rumfunan kasuwa, kowanne da bututunsa. Ramin ƙazantarka yana jingine da rijiyar maƙwabci, taransifomar unguwa kuwa tana nishi duk sanda 'ya'yanka suka kunna risho mai lantarki a lokaci guda. Wanda ya ajiye kayan bai tambayi jaki ko zai iya ba.

Sai kuɗin haya. Ɗalibai huɗu kan haɗa kuɗin iyaye huɗu su biya na shekara cur. Malamin firamare mai mata da 'ya'ya aljihu ɗaya gare shi, shi ma sai ƙarshen wata. Ba sai an yi wa mai gida duba ba kafin a san wanda zai miƙa wa makulli. Haka magidanta ke ja da baya zuwa bakin gari, mai unguwa kuma ya wayi gari bai san sunan rabin mutanensa ba, domin baƙinka ba sa daɗewar da za a gan su wurin suna ko jana'iza.

Na san amsarka. Za ka ce kai ke ciyar da mai shayi da mai wanki da mai kwafin takardu da ɗan acaɓa, har da gwauruwar da ba ta da fansho sai kai. Gaskiya ne, kuma ɗalibi bai yi laifin komai ba don ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa. Amma ka tuna 2022, da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kwaɗo ya kwana a ƙofarka, tukunyar mai shayi ta huce, unguwa ta gane cewa gonarta iri ɗaya aka shuka mata. Za ka kuma ce kowa da ikon dukiyarsa. To, ɗakin na mai shi ne, amma kwatar da ke fitowa daga cikinsa ƙofar wani take bi. Masu cewa a ƙara gini cikin jami'a a huta ma ban ƙi tasu ba, ai Gidauniyar Ɗangote ta gina wa jami'ar ɗakunan kwana, kuma ban ji ka rage ko sisi ba.

Don haka ba rushe ka nake nema ba. So nake jami'a da hukumar tsara birane ta KASUPDA da ƙaramar hukumar Sabon Gari su ƙidaya ka, su san gadaje nawa ke cikin kowane layi, kada a yarda ka haifi ƙane sai an ga magudana da wurin zuba shara da tazara tsakanin rami da rijiya. Kafin su zauna, ina roƙon alfarma ɗaya: ka gaya wa ɗan'uwanka janareto cewa akwai masu tashi sallar asuba a bayan bangonka.

Naka,
Maƙwabcin da taga ɗaya ta raba ku.