Baƙi Dubu Goma, Ko Buta Ɗaya

Laifina ɗaya ne a duniya: na taɓa gyara wa Alhaji WhatsApp ɗinsa. Tun daga ranar na tashi daga akawun sito na koma "Injiniya" a masana'antarmu ta roba da ke Sharaɗa, inda muke buga buta da bokiti da kujeru. Albashi dai har yau bai samu labarin wannan ƙarin girma ba.

A daminar 2023, bayan an cire tallafin mai kasuwa ta kwanta, Alhaji ya dawo daga ɗaurin aure rai a ɓace. Wai abokinsa mai kamfanin alewa a Bompai ya buɗe shago a intanet. "Injiniya, mu ma a buɗe mana, kuma ya fi nasa."

Na buɗe. Na jera butoci kala-kala kamar 'yanmatan amarya, na ɗauki hoto na ɗora. Bayan mako guda Google Analytics, mai ƙirga masu leƙowa, ya nuna mutum 14. Sha ɗaya ni ne, biyu maiɗakina ce bayan roƙo da magiya. Na ƙarshen ban san ko wane bawan Allah ba ne, amma ina sa shi a addu'a.

Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, abin da muka rasa shi ne tirafik."

"Tirafik kuma? Wanda ke Ƙofar Wambai bai ishe ka ba? In 'yan KAROTA ake nema, ina da lambar wani."

Da ƙyar ya gane cewa cunkoson da nake nufi na masu shigowa shago ne. Ya ƙirgo naira 15,000 ya ce in sayo.

A kasuwar waya ta Farm Centre wani matashi mai tabarau ya rantse zai kawo mini baƙi 10,000 kafin asuba. Kuma wallahi ya cika alkawari. Da safe na ga lamba tana hawa kamar farashin shinkafa, na ruga ofis ko sallama ban yi ba. Alhaji ya dubi allon kwamfuta, ya gyara hula, ya ba da umarni a sayo dizal a tada babban janareta, masu aikin dare su dawo. Kwana uku injina na aman buta har sito ya cika, muka fara jerawa a masallacin ma'aikata.

Waya kuwa ko ƙyas.

Rana ta huɗu na natsu na duba inda baƙin suka fito: Rasha, Biyetnam, Indonesiya. Kowannensu daƙiƙa ɗaya ya yi ya fice. Ashe ba mutane ba ne, manhajoji ne da aka ɗora wa aikin buɗe shafi su rufe, kamar a ɗauko hayar 'yan kallo su zagaya rumfa ba ko sisi a aljihu. Na kai wa Alhaji labari murya na rawa. Maimakon faɗa sai fuskarsa ta washe.

"Indonesiya? Ai Musulmi ne, na gan su a Makka, sun fi kowa yawa. Buta kam dole su nema. Nawa ne kuɗin mota zuwa can?"

Kafin in amsa shafin ya faɗi warwas. Mazaunin da na kama masa mai araha ne, yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, kuma aljanun nan sun cinye. A daidai ranar ne wani babban dila daga Maraɗi ya gwada shiga ya tarar ƙofa a rufe.

Sai na bi hanyar da ya kamata tun farko. Na rage nauyin hotuna don kada su cinye wa mutane data, na sayi talla a Facebook, na taƙaita ta ga Kano da Katsina da Maraɗi, na rubuta farashin dozin da Hausa, na sa lambar waya. Baƙi suka koma ɗari da 'yan kai, amma na gaske, masu tsayawa su duba. Waya dai shiru.

Mako biyu bayan haka wani ƙaƙƙarfan mutum ya shigo, warin jima ya riga shi sallama. Daga wata majemar fata a Challawa yake.

"Malam, kai ne ka sa lambata a intanet?"

Na duba. Inda zan sa 8 na sa 3.

"Tun ina zagi har na gaji na sayi littafi." Ya ajiye shi a tebur: dozin hamsin Damagaram, talatin Funtuwa, shafi bakwai cur. "Nawa ne la'adata?"

Alhaji ya karanta har ƙarshe, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi da kujera, sabuwa fil daga sito. Sannan ya juyo gare ni.

"Injiniya, kada ka kuskura ka gyara lambar nan. Kuma tashi ka ba Malam Intanet wuri, fanka ta fi kaiwa nan."