Akwati Mai Murya Ɗari

Mai gangarmu ne ya ɓaro zancen. Ranar wata Alhamis muna gwaji a garejin gidan yayansa a Kano, waƙa ta yi nisa, ni har na lumshe ido ina jin kaina a sama, sai ya ajiye sanduna ya ce, "Malam, don Allah kaɗa jitar nan kake yi ko susa kake mata? Tun ɗazu nake ganin hannunka yana kai da kawo, amma ko tari ban ji ta yi ba."

Na so in yi fushi, sai dai gaskiya ya faɗa. Amfilifayata 'yar wat 10 ce, lasifikarta ba ta wuce murfin kofin silba ba. A ɗaki takan yi ruri har maƙwabta su aiko yaro, amma da zarar ganga ta shigo sai ta koma sauro. Mu huɗu ne: ni da jita, mai ganga, mai fiyano, da mawaƙinmu. Da rana koyarwa nake yi a makaranta. A ƙarshen mako mukan samu dinar biki ko yaye ɗalibai, abin da ake ba mu kuma yakan biya adaidaita sahu, in an yi sa'a har da tsire.

Makaɗan jitar Abzinawan Nijar ne suka jefa ni cikin wannan harka, su Bombino da Mdou Moctar. Shi Mdou Moctar da katako da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ni kuwa na rantse abin da ya hana ni kamo shi kawai rashin amfilifaya mai kwamfuta.

Ga yadda abin yake. Amfilifayoyin da suka yi suna a duniya, irin su Fender Twin Reverb da Vox AC30 da na Marshall, da kwalabe suke aiki kamar rediyon kakanninmu. Ga zafi, ga tsada, ga nauyi. Twin Reverb kaɗai ta kusa kilo 30. Sai masu fasaha suka sa 'yar kwamfuta cikin akwati, aka koya mata kwaikwayon muryar kowace ɗaya, kamar yadda ɗan kama ke ɗauko muryar babban mawaƙi a bakin kasuwa. Kamfanin Line 6 ya fitar da irinta a 1996, a 1998 kuma ya kawo POD, wata 'yar jar aba mai siffar ƙwayar wake. Yau talaka ma yana iya mallakar muryar amfilifayar da ko a mafarki bai taɓa ba.

Sati uku na yi ina ƙona data a YouTube. Na haddace Fender Mustang LT25: wat 25, lasifika inci 8, muryoyin amfilifaya 20. Na haddace Vox VT40X mai wat 40 da inci 10, wadda aka sa wa kwalba ɗaya ta gaske a ciki. Na ga Boss Katana 50 da ta fara fitowa a 2016, wat 50, lasifika inci 12, amma murya biyar kacal a fuskarta. Sai na yi lissafin malaman makaranta, na raba farashin kowacce da yawan muryoyinta, kamar mai tayin kashin tumatir. Katana ta zo ta ƙarshe a aji, na kore ta.

Da wannan ilimi na shiga kasuwar Sabon Gari. A wani shago na ci karo da wata ta hannu da aka kawo daga Amurka, tana da allo mai haske, sautukan da aka ajiye a cikinta sun haura ɗari, kuɗinta kuma bai kai rabin na sabuwa ba. Mai shagon ya jona ta a bayan kanta, na kaɗa, har masu wucewa suka leƙo. Na biya ina rawar jiki. Ina shirin ɗauka ya ce, "Oga, ka haɗa da tiransifoma mai rage wuta fa."

Na yi murmushin wanda ya san gari. Na ce masa ni haifaffen Kano ne, ba a sayar mini da akuya a ce sai na sayi igiya daban.

A gida na tarar filoginta mai baki biyu ne, shafaffu, sun ƙi shiga soket. Wannan ba ya kayar da ɗan Najeriya. Na yanke filogin, na fere wayoyin, na tura su cikin soket na tokare da tsinken ashana. Allon ya kawo haske, kyakkyawa, na tsawon ƙiftawar ido. Sai na ji fat! Wani siririn hayaƙi ya fito ta baya cikin natsuwa, kamar turaren wuta. Uwargida ta ɗaga labule ta ce, "Maigida, me ka ɗora a wuta?"

Mai gyaran rediyo na unguwarmu bai ko kwance ta ba tukuna. Juya ta ya yi, ya sa ɗan yatsa a kan wani rubutu kusa da inda waya ta shiga: 120V. Ya ce, "Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ka ɗura mata kusan ninki biyu." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da, "Malam, ba kai ne kake koya wa yaranmu karatu ba?" Da ya buɗe cikinta ya leƙa, sai ya yi mini ta'aziyya.

Alhamis ta gaba na aro amfilifayar wani abokina, 'yar ƙarama mai kyau da ake sarrafawa da wayar salula, an rubuta mata wat 40. Na ce yau mai ganga zai san Malam ya iso, tunda arba'in ta ninka goma sau huɗu. Muka fara. Sauron ya girma ya zama ƙuda. Mai fiyano, wanda ya taɓa aiki a situdiyo, ya zaunar da ni ya yi mini darasi. Ya ce kunne ba ya bin lissafin alli: in ka ninka wat sau biyu, ƙarin ƙarar kaɗan ne, sai ka ninka kusan sau goma kafin kunne ya ce ta ninku. Ya ce kuma lasifika iska take turawa, 'yan ƙanana biyu masu inci 4 an yi su ne don teburin ɗaki, ba za su tura iskar da mai inci 12 za ta tura ba. Ina cikin musu da shi na ga saƙon murya ya shigo wayata, na danna. Na manta wayar tana haɗe da amfilifaya. Muryar uwargida ta cika garejin, tsaf, babu ko ƙura: "Maigida, gas ya ƙare. In kuma kuɗin ma ka ƙone su tare da akwatin, ka faɗa mini in hura gawayi."

Mai ganga ya ce, "To wannan kam na ji ta."

Na roƙi uwar adashi ta ba ni ɗauka kafin zagayena ya zo, na koma kasuwa da kunya, na nufi wadda na kora daga aji. Katana 50 ta hannu, kilo 11 da ɗoriya. Kafin in taya sai da na juya bayanta na karanta 230V sau uku, na kuma sa yaron shago ya karanta mini da ƙarfi.

Tana da wani maɓalli da na ƙaunata nan take. Ana iya rage ƙarfinta daga wat 50 zuwa 25, ko zuwa rabin wat don dare. A kan rabin wat ɗin na raya darare bakwai. Na haɗa ta da kwamfuta, na buɗe manhajarta, na tarar ashe bayan muryoyi biyar ɗin nan akwai rumbun kayan ƙawata sauti. Wurin ajiya huɗu take da shi, na cika su, har na raɗa musu suna a littafina: Agadas, Hamada, Zaki, da Kukan Maraya. Kowanne na lafta masa amsa-kuwwa sai ka ce a cikin rijiya nake kaɗawa. Da ƙarfe biyun dare, ni kaɗai, wallahi babu wanda ya kai ni.

Ranar Asabar muna da dinar biki a wani ɗakin taro. Muka hau waƙar shigowar amarya, na danna Agadas. Shiru, sai ɗan ƙuuu. Na murɗa wannan, na murɗa wancan, na kai kowane maɓalli ƙarshensa. Na koma Zaki, wanda na gina a kan muryar da suke kira Brown, ta masu kiɗan rok mai tsawa. Zakin ya yi kukan kyanwa. Amarya ta shigo ta zauna a kan ganga da fiyano kawai, ni ina tsaye ina susa.

Da aka tsaya aka ba kawun amarya makirfo ya yi nasiha, na jingina jitar a jikin amfilifayar, na durƙusa ina lalube. Nan na gan shi: maɓallin dare yana nan a kan rabin wat. Don murna ban tuna da sauran maɓallan da na ƙure ba. Na murɗa shi zuwa 50, wato ninki ɗari a lokaci guda, jita kuma fuskarta na kallon lasifika.

Dattijo ya kai daidai inda yake cewa zaman aure haƙuri ne. Abin da ya biyo baya ya yi kama da jirgi zai sauka a kan rufin kwano. Ƙawayen amarya suka yi ƙofa, wata gwaggo ta saki kular abinci tana salati, ango ya miƙe ya manta da amarya, abin da na ji har yau ana yi masa gori a kai. Kawu kuwa bai motsa ba. Ya jira na fizge waya, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, da kai ma nake."

Yaron mai kayan sauti ne ya cece ni, ɗan shekara sha biyar ko sha shida. Ya zo bai ce komai ba, ya mayar da ita kan murya mai tsabta, wadda aka rubuta wa Clean. Ya kashe duk amsa-kuwwata, ya rage gurnanin ƙasa, ya ɗaga sautin tsakiya. Ya ce, "Baba, ƙasa ta mai ganga da mai fiyano ce, kai tsakiya ce gonarka." Ya ɗora ta a kan kujerar roba don ta daina yi wa gwiwoyina waƙa, ya sa mata makirfo a gaba, ya bar ta a wat 25. Da wannan murya ɗaya na kaɗa har aka tashi. A waƙa ta uku mai ganga ya juyo ya ce in ɗan rage.

Gwaggon nan ma ta huce. Ta zo da sababbin kuɗi ta wuce ni, ta liƙa wa yaron.

Ita kuwa 'yar Amurka mai murya ɗari tana nan a tsakar gida. Uwargida ta ce tsayinta ya yi daidai, a kanta take zama in tana tsince shinkafa.