Zuwa ga Bazazzagi Mai Shuɗiyar Gwiwa

Bazazzagi, sannu da jiki. Ko kuwa barka da kwalliya zan ce? Ban san wadda ta dace da kai ba. Ranar Asabar da ka zo ɗaurin auren nan na Gwammaja, kana tattare wando za ka tsallake kwata sai na hango wani abu shuɗi shar ya naɗe maka gwiwa, reshe biyu sun zagaye ƙoƙon, na uku ya gangara ƙwauri. Na zaci awakin gidanku aka yi wa alama aka haɗa da kai. Wani yaro ma sai da ya ja min riga, wai ko baƙon nan ya zurma ƙafa a marinar Ƙofar Mata ne.

Da muka je alwala kuma abin ya ƙara fitowa fili. Ka ɗora ƙafar a kan dakali kana jujjuya ta don kowa ya gani, ka dube ni a wulaƙance ka ce, "Kai Bakano ina ka san wannan? Na 'yan ƙwallon Turai ne." Sai daga baya na samu labarin yadda aka yi. Ƙwallon tsofaffi kuke bugawa ranar Lahadi a Samaru, babu wanda ya taɓa ka, ƙwallon ma tana can wajen tuta, kai kaɗai ka juya, gwiwa ta ce ƙas, ka zube. An ce har ka ɗaga hannu kana neman alƙalin wasa ya ba ka bugun tazara.

To tunda kun ce garinku ne birnin ilimi, zauna Bakano ya karantar da kai abin da ke manne a jikinka. Da farko dai ba na Turai ba ne. Wani mutumin Japan ne mai suna Kenzo Kase, mai sana'ar gyaran gaɓoɓi da matsa ƙashin baya, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1970, ya sa masa suna Kinesio. Filastar da 'yan wasa suka saba da ita kafin nan mai tauri ce, ana ɗaure gaɓa da ita tamau don kada ta motsa. Shi kuwa ya so wadda za ta bi jiki kamar fata. Sai aka saƙa ta da auduga da zaren roba, tana miƙewa ta tsawo, aka shafa mata gam a bayanta cikin zane mai kama da zanen yatsa. Gam ɗin da ɗumi yake kamawa, shi ya sa ake murza ta bayan an manna. Tana iya kwana uku zuwa biyar a jiki, har wanka ana yi da ita. Wannan na ƙarshen na san shi ya fi burge ka, da yake dama kai da ruwa ba shiri kuke ba.

Shekara da shekaru tana nan ba ta yi wani suna sosai a wajen Japan ba, sai a gasar Olamfik ta 2008 a Beijin. Kamfanin da ke yin ta ya ɗebi naɗi 50,000 ya raba kyauta ga 'yan wasan ƙasashe 58. Kyamara ta haska wata Ba'amurkiya mai suna Kerri Walsh da baƙar filasta a kafaɗa, ta kuma lashe zinare a ƙwallon raga ta bakin teku, shi ke nan duniya ta ɗauka. A nan dole in cire hula. Ka ba mutum kyauta a gaban jama'a, gobe 'yan kallo su zo saye da kuɗinsu: duk wanda ya tsara wannan, da za a bi salsalarsa, ina kyautata zaton kakansa ya taɓa riƙe shago a Kantin Kwari.

Amma na san wanda ya ruɗe ka. Balotelli ne, ɗan ƙwallon Italiya. Wasan kusa da na ƙarshe na cin kofin Turai a 2012, Italiya da Jamus a birnin Warso, ya zura ƙwallo ta biyu ya tuɓe riga ya tsaya ƙiƙam kamar gunki, ga layi uku na shuɗiyar filasta a gadon bayansa. A gidana ka kalli wasan nan, ka ci min tuwo malmala uku. Abin da ka manta shi ne, yaron shekararsa 21 a lokacin, cikinsa a shafe kamar allo, kuma ƙwallayen nan biyu da kai da ƙafa ya ci su. Kai kuwa ka ari launin ka bar sauran.

Masu sayar da filastar cewa suke yi idan an ja ta an manna, tana tattare fata ta ɗan ɗaga ta sama, sai a samu sarari a ƙasa, jini da ruwan jiki su riƙa gudu, kumburi ya saɓe, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi su huta. Zance ne mai daɗin ji. Sai wasu masana gashin ƙashi a Sao Paulo ta ƙasar Burazil suka ce bari a gwada. A 2014 suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 148 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Rabi an manna musu yadda littafi ya ce, an ja ta har fata ta tattare. Ɗaya rabin kuwa an ɗora musu ita kawai, ba ja ba komai, kamar yadda yaro ke manna takarda a bango. Bayan mako huɗu aka duba, sauƙin da waɗannan suka samu shi waɗancan suka samu. Wato duk ƙwarewar ja da lanƙwasawar da ake kuri da ita, wadda har kwas ake biya a koya, ba ta ƙara komai ba. A shekarar dai suka tattara gwaje-gwaje 12 da aka yi da mutum 495 masu ciwon kafaɗa, gwiwa, wuya, baya da tafin ƙafa. Abin da ya fito: ba ta fi ta bogi ba, ba ta fi sauran hanyoyin jinya ba, inda ta ɗan nuna fifiko ma bai taka kara ya karya ba. A Amurka kuwa har kotu aka kai wani kamfanin irin wannan filasta, KT Tape, kan alƙawuran da ke cikin tallarsa, a 2017 ya yarda a sasanta a kan dala miliyan 1.75.

Launin kuma, da ka ce min ka zaɓi shuɗi don ya fi sanyaya jijiya, rini ne kawai. Da ja da baƙi da ruwan hoda duk abu ɗaya ne. Da ka faɗa min da wuri, da na kai maka farin bandeji Ƙofar Mata an turo maka shi a baba, aƙalla kuɗin ya tsaya a Kano.

Zan yi maka adalci, ko da yake ba halin Bakano ba ne ya yi wa bawansa. Ka ce ka ji sauƙi, kuma ban ƙaryata ka ba. Idan yaro ya faɗi ya buge gwiwa, uwa takan kama wurin ta mulmula, ta hura masa iska ta ce ya warke, kuma kukan ya tsaya. Ba tsafi ba ne. Taɓa fata yana aika wa ƙwaƙwalwa wani saƙo da ke rage ƙarfin saƙon zafi. Filastarka hannun uwa ce da ba ya gajiya, tana kuma tuna maka a kowane taku cewa akwai ciwo a nan, ka bi a hankali. Ka haɗa da yardar da ka ba ta, da kuɗin da ka kashe waɗanda zuciyarka ba za ta yarda sun tafi a banza ba, da kuma cewa yawancin targaɗe yana lafawa da kansa cikin 'yan makonni ko an manna ko ba a manna ba. Idan aka kwatanta ta da zama haka nan ba a yi komai ba, takan ɗan rage zafi na ɗan lokaci. Iyakarta ke nan. Ba ta ɗinke jijiyar da ta tsinke, ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye, ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi.

Ka tuna 2016 da aka ga ɗan wasan ninƙaya Michael Phelps a gasar Olamfik ta Riyo da tabon ƙaho ja-ja-ja a kafaɗa? Kai da ka shekara ashirin kana yi wa wanzamin unguwarku kallon ɗan ƙauye, a makon nan ka aika a kira shi. Ba maganin kake bi ba, wanda ya sa shi a talabijin kake bi.

Ni dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Ciwon gwiwarka ba a gwiwa ya faro ba, ɗaga kanka kaɗan ka dubi abin da ya hana ka ganin yatsun ƙafarka. Masu bincike kan ciwon gwiwa sun auna cewa duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya sauke, yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Lissafa da tsiren da kake tsayawa ci a Kwangila duk dare. Abin da aka tabbatar yana taimakon irin gwiwarka ba shi da launi, ba a kuma ɗaukar hotonsa: ƙarfafa tsokar cinya. Ka zauna a kujera ka miƙe ƙafa ka riƙe, ka sauke, ka sake. Ka tashi daga zaune ba tare da dafa komai ba, sau goma, safe da yamma. Ka taka zuwa masallaci maimakon hawa babur don tafiyar da ba ta kai jifa biyu ba.

Yanzu ajiye wasa gefe minti ɗaya. Na lura da yadda gwiwar ta kumbura, na kuma ga ta ɗan turguɗe maka da za ka shiga mota. Gwiwar da ta yi ƙara lokacin faɗuwa, ta kumbura, take kuma sullewa ko sarƙewa, ba ta filasta ba ce, ta likitan ƙashi ce. Ga asibitin koyarwa na Shika a bayan gidanka, akwai masu gashin ƙashi. In kuma ka fi son inda aka iya, ka zo Asibitin Ƙashi na Dala, zan ba ka tabarma a soro. Sannan da yake kana fama da ciwon suga, kada ka kuskura ka manna ta a kan rauni ko inda fata ta saɓule, in ka ji ƙaiƙayi ko ka ga ƙuraje ka cire ta nan take. Idan kuma sha-raɓarka ta kumbura ta yi zafi, wannan ba na jira ba ne, asibiti za ka nufa a ranar.

Saura cirewa. Na ga ba ka aske gashin ƙafar ba kafin ka manna, kuma Allah ya hore maka shi kamar na bunsuru. Ana jiƙa ta da mai ne, a bar shi ya ratsa, sannan a riƙa ɓantarewa a hankali ta inda gashi ya kwanta. Na so in ɓoye maka wannan, amma uwargidanka ta yi min waya ta ce yara na da jarrabawa, ba ta son ihu cikin dare. Duk da haka ka faɗa min ranar, zan shigo motar safe daga Unguwa Uku. Man gyaɗar ma ni zan kawo, a kan farashin Kano.