Ma'abota Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Kowa da Halinsa, Kowa da Asararsa

A watan Janairun 2024 jirgin ruwan Icon of the Seas ya fara ɗaukar fasinja daga tashar Miami ta ƙasar Amurka. Tsawonsa ya kai mita 365, hawa 20 gare shi, kuma idan ya cika maƙil yakan kwashi fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Gari ne sukutum a kan ruwa, da kantunansa da ɗakin shan magani da wuraren cin abinci da na wasan yara. Duk inda aka tara jama'a haka har mako guda, babu hanyar fita sai an iso tasha, to hali sai ya fito. Abin lura kuma shi ne, a irin wannan tafiya kowane hali yana da farashinsa, kuma yawanci tun daga gida mai shi yake ɗauko asararsa.

Sarkin Araha

Shi ne wanda ya ga talla an rubuta kuɗin kwana bakwai, ya buga lissafi ya ga bai kai na otal ba, ya biya nan take kafin kamfanin ya farga da kuskurensa. Kamfanin kuwa bai yi kuskure ba. Kuɗin da ke jikin talla na ɗaki ne da abincin gama-gari. A kansa ake ɗora harajin tashoshi, da tukuicin ma'aikata wanda manyan kamfanonin Amurka ke cirewa kai tsaye, kimanin dala 16 zuwa 20 kowace rana a kan kowane mutum, har da yara. Lemon kwalba da kuɗinsa, intanet da kuɗinsa, yawon gari idan an tsaya a tasha da kuɗinsa. Tikitin jirgin sama zuwa garin da jirgin ruwan zai tashi kuwa, sau da yawa ya fi kuɗin ɗakin kansa.

Abin da ke ƙarasa Sarkin Araha shi ne katin ɗaki. Ba a taɓa tsabar kuɗi a cikin jirgi. Katin da ke buɗe ƙofa shi ake miƙawa a sayi komai, don haka ba ya jin zafin fitar ko sisi. Sai daren ƙarshe, in takardar lissafi ta iso, a gan shi a layin ofishin kula da baƙi, tabarau a kan hanci, yana rantsuwa bai san lokacin da ya sha kofi goma sha biyu ba.

Shi ne kuma yake murnar samun rangwame a watan Satumba zuwa tsibiran Karibiyan, bai tambayi dalilin rangwamen ba. Lokacin guguwar Tekun Atlantika yana farawa ne 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma yarjejeniyar da ya sa wa hannu ba tare da ya karanta ba ta ba kyaftin ikon sauya hanya ko tsallake tasha. In kuma shi kaɗai zai kwana a ɗakin, kusan kuɗin mutum biyu zai biya, domin lissafin ɗakunan na mutum bibbiyu ne.

Alhaji Ai-za-su-jira

Wannan ya saba a jira shi: a wurin ɗaurin aure, a wurin taro, har a tashar mota. Makararsa ta farko ita ce sayen tikitin jirgin saman da zai sauka da safiyar ranar da jirgin ruwan zai tashi, wai don kada ya biya kuɗin otal na dare ɗaya. Jinkirin awa uku a filin jirgi ya isa ya cinye hutun gaba ɗaya. Masu hankali kwana guda suke isa kafin ranar.

Makararsa ta biyu ta fi daɗin kallo. An tsaya a tashar Civitavecchia, an ce masa an zo Rum, bai san tsakanin tashar da birnin akwai tafiyar kusan kilomita 80 ba. Ya ɗauki tasi da kansa, ya yi hotuna, ya tsaya cinikin jaka. Agogon wayarsa yana bin lokacin gari, alhali wani lokaci jirgi da nasa agogon yake aiki, kuma ana son kowa ya dawo rabin awa kafin tashi. Sai ga shi a guje a bakin tasha, leda a kowane hannu, hula ta karkace, fasinjoji sun cika baranda suna tafi da sowa. In ya yi sa'a ya tarar da tsani. In bai yi ba, sai ya nemi wakilin kamfanin a tashar, ya bi jirgin zuwa gari na gaba da kuɗin aljihunsa. Jirgi yakan jira waɗanda suka fita yawo a motar da kamfanin ya shirya, domin makararsu a wuyansa take. Wanda ya fita da kansa, tasa ta fisshe shi.

Malam A-gyara-a-can

Ya yi imani babu matsalar takarda da magana mai daɗi ba ta warwarewa. A bakin jirgin ruwa kuwa ba a roƙo. Kamfanoni da yawa suna son fasfo ya rage aƙalla wata shida kafin ya ƙare, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar ƙasashen da za a ratsa. Mai tashi daga Miami sai da bizar Amurka. Mai zagayen Bahar Rum sai da bizar Schengen, kuma in jirgin zai leƙa Turkiyya ko Tunisiya ya dawo Italiya, bizar shiga sau ɗaya na iya barin sa a waje. Hujjarsa kullum ita ce, "Ai ba zan sauka a can ba, a ɗaki zan zauna." Jirgin da ya shiga tashar ƙasa ya shiga da duk wanda ke cikinsa, kuma wanda aka mayar saboda rashin takarda ba a mayar masa da kuɗinsa.

Shi ne kuma yake zuwa da iyali bai karanta ƙa'ida ba: yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai cika wata shida ba.

Hajiya Kwashe-gida

Akwati huɗu don kwana biyar. Akwai dutsen guga, akwai butar lantarki, akwai kasko da turaren wuta, akwai doguwar wayar soket mai baki shida. Duk waɗannan a bakin ƙofa ake karɓe su, saboda babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara a tsakiyar teku. Kilishi da dambun naman da ta ƙulla ba sa ma kaiwa nan, domin Amurka da Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama a kayansa. Abin da ya tsira kuma sai ya rasa wurin zama, tunda ɗakin talaka a jirgi bai wuce gado biyu da ɗan lungun wucewa ba.

Duk da wannan tanadi, maganin hawan jininta yana ƙasan babban akwati, wanda aka karɓa a tasha kuma ba zai iso ɗaki ba sai yamma. A daren ƙarshe ana umartar kowa ya ajiye akwatunansa a bakin ƙofa don a sauke su tun da dare. Hajiya mai tsafta ce, ba ta barin komai a baya. Da safe sai ta farka daga ita sai rigar barci da silifas.

Acici

An gaya masa abincin babban zaure kyauta ne, kowa ya ɗebi son ransa, shi kuma ya ƙudurta sai ya fanshe kuɗin tikitinsa da cokali. Faranti ɗaya yana ɗauke da shinkafa da kifi da taliya da kankana da kek, miya tana bin gefe. Ana buɗe zauren yana bakin ƙofa, ana rufewa yana tambayar ina ake raba na dare.

Wurin wanke hannun da ke ƙofar zauren ne kawai ba ya tsayawa. Ga shi kuwa cutar amai da gudawa ta norovirus tana yaɗuwa da sauri inda mutane da yawa ke kama cokalin ɗiba guda, kuma sabulu da ruwa sun fi man goge hannu tasiri a kanta. Wanda ta kama, a ɗaki ake killace shi, yana jin ƙamshin abincin da ya biya daga nesa.

Acici Musulmi yana da ƙarin aiki. Naman alade da girkin da aka zuba wa giya suna nan birjik a jiragen Turai da Amurka, kuma abincin halal sai an nema makonni kafin tafiya. Wanda ba ya son wannan binciken yana da zaɓi tun Disambar 2024, lokacin da kamfanin AROYA na Saudiyya ya fara zirga-zirga daga Jidda a Bahar Maliya, ba giya, ba caca.

Mai Tsoron Ruwa

Matarsa ce ta matsa aka zo. Ya san labarin Titanic na 1912 tiryan-tiryan, kuma da jirgi ya ɗan girgiza sai ya fara salati yana yafe wa mutane. Ya zaɓi ɗaki a can sama wajen goshin jirgi, wai don ya yi nesa da ruwa, alhali nan ne lilo ya fi tsanani. Mai jiri da tashin zuciya ɗakin tsakiya a hawa na ƙasa ya kamata ya nema, ya riƙe maganinsa da 'yar cittarsa.

Amma a abu guda ya fi kowa gaskiya. Shi ne na farko a wurin atisayen ceto, ya san inda rigar ceto take, ya haddace cewa ƙaho bakwai gajeru da dogo ɗaya na nufin kowa ya nufi wurin taruwarsa. Masu yi masa dariya sun manta da Costa Concordia, wanda ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisaye ba. Bayan wannan ne aka tsaurara doka, aka daina jinkirta atisayen zuwa washegari. Mai Tsoron Ruwa ne kuma ya sayi inshorar tafiya, domin likitan jirgi ba kyauta yake duba mutum ba.

Mai Tawul da Mai Waya

Na farkon yakan fito da asuba ya shimfiɗa tawul a kan kujeru shida a bakin wurin ninƙaya, ya aza littafi a kan ɗaya, takalmi a kan wata, ya koma barci har azahar. Na biyun ya ƙi sayen intanet ɗin jirgi saboda tsada, ya bar layinsa na gida a buɗe. A tsakiyar teku wayar takan kama hanyar sadarwar jirgin ta tauraron ɗan'adam, mai cajin da ya ninka na ƙasa sau da yawa, ta yi ta sauke bidiyon rukunin 'yan uwa na WhatsApp yana barci.

Mai Neman Gabas

Bawan Allah ne, ba ya wasa da salla. Ranar farko ya gano alƙibla tana wajen taga, ya sa alama. Washegari ya tayar da salla wajen taga hankali kwance, bai san cikin dare jirgin ya juya ba. Allurar nuna alƙibla ta wayarsa kuma sai rawa take yi, saboda bangon ɗakin ƙarfe ne. Wanda ya saba yakan kunna talabijin ɗin ɗaki, inda ake nuna taswira da inda jirgin ya dosa, ya gyara shimfiɗar dardumarsa a kowane lokacin salla.

Tsohon Hannu

Katinsa launinsa daban, kuma yana rataye a wuya yadda kowa zai gani. Ya san sunan mai kawo abinci da garinsu, kuma duk abin da aka yaba sai ya ce na bara ya fi. Gwarzonsa shi ne Mario Salcedo, Ba'amurken da ya shafe fiye da shekara 20 yana zaune a jiragen Royal Caribbean, daga wannan ya faɗa wancan. Zama kusa da Tsohon Hannu a teburin dare hukunci ne, amma mai haƙuri yana tsintar abin amfani. A bakinsa ake jin cewa Alaska daga Mayu zuwa Satumba ake zuwa. Cewa tun Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice, don haka wanda aka sayar wa tikiti da sunan birnin ya duba ainihin tashar da za a tsaya. Cewa ɗakin da ke ƙarƙashin wurin rawa ko kicin ba a barci a cikinsa. Cewa jiragen kamfanin MSC na tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik a lokacin zafin Afirka ta Kudu.

Shawararsa mafi tsada ita ce ga sabon shiga: kada ya fara da mako biyu. Tafiyar kwana uku ko huɗu, ko a teku ko a Kogin Nilu tsakanin Luxor da Aswan inda babu igiyar ruwa, ta isa mutum ya gane ko cikinsa da halinsa sun dace da jirgi. Mai niyya ya tara kuɗin ɗaki da haraji da tukuici da jirgin sama da otal da inshora a takarda guda, ya tabbatar da bizarsa kafin wa'adin biyan cikon kuɗi, wanda yawanci yakan faɗo wata biyu zuwa huɗu kafin ranar tashi, domin daga wannan ranar kamfani ke fara riƙe wani kaso na kuɗin duk wanda ya fasa.