Jar Wuta a Gaban Sitiyari

Bayan la'asar muna majalisa a ƙofar wani shago mai kallon ginin rijiyar Kusugu, sai ga shugaban ƙungiyar unguwa ya iso yana huci. Ya sauke ma'aji. Laifin yaron, wai duk bayan wata biyu ko uku sai ya ɗaga hannu a taro ya ce lissafi bai cika ba, alhali aiki na ta tafiya.

Baba direba, wanda ya tsufa a hanyar Daura zuwa Kano, bai tanka masa ba. Ni ya juyo ya kalla.

"Ɗana, na taɓa ba ka labarin abokina mai Golf, wanda ke jigilar 'yan kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi? Mota lafiyayya, sai dai wata 'yar jar wuta mai siffar buta a gaban sitiyari. Ba kullum take kamawa ba. Yadda aka ce macijin rijiyar nan ba ya barin a ɗebi ruwa sai Juma'a, ita ma tana da lokacinta. Da safe baƙin mai na da kauri, shiru kake ji. Sai rana ta take, inji ya ɗau zafi, mai ya tsinke, ya tsaya a shinge wajen Kwangwalam mota na sulo, sai ta ƙyafta. Ya taka totur, ta ɗauke.

"Bakanike ya ce masa, 'Maigida, ko mai ya yi ƙasa, ko rariya ta toshe, ko famfon mai ya gaji. Yana yiwuwa kuma ɗan maɓallin wutar ne ke ƙarya. Bari in ɗaura agogon gwaji mu gani.' Ya ce motar da ke kai shi ta dawo da shi, wane gwaji kuma? Ya sayi baƙin salatif ya manne wurin. Yaron motarsa ya ce, 'Oga, kamar ina jin ƙara a ƙasa.' Ranar ya sallame shi, wai bakinsa ba alheri."

Baba ya tsaya ya kurɓi shayi. Tsohon nan ya iya jan rai.

"Wata uku cur hankalinsa kwance. Sai ya samu shatar kai amarya Kano. Ba su kai Kazaure ba aka fara jin ƙwas-ƙwas, inji ya buga, mata suka fito da ƙullin kayansu suka zauna gindin darbejiya. Ya sa farce ya ɓare salatif. Ga ta nan jajir, ko ƙyaftawa ba ta yi."

Majalisa ta yi tsit. Shugaba ya gyara zaman hularsa, ya ce shi fa bai taɓa mallakar Golf ba.

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Baba. Ya miƙa wa mai shayi kofi, ya ce a ƙara masa sukari.